Keken Ɗinkin da Ba a Gani

A Valparaíso, can bisa tudu,
Baba Baltasar ya kwana tara yana tari,
kwalekwalensa ɗaure a gaɓa, gishiri na ci.
Na gangara kantin maganin Eulalia.

Ta miƙo ƙwayoyi, ta ce, "Ke tela ce, za ki gane.
Kowace ƙwayar cuta da kekunanta a ciki,
masu baki biyu, sama da ƙasa.
Zare mai rubutu na ratsa tsakani,
keke na karantawa uku-uku,
yana jera duwatsu kamar na carbi
har sarƙar furotin ta ɓullo ta wani rami.

Wannan ramin yake toshewa.
Sarƙa ta taho, ba hanya, aiki ya tsaya.
Wani maganin kujerar mai kawo kaya yake zaunewa,
wani ya rikita wa keke karatu,
ya ɗinka riga ba wuya."

"To na jikin Baba fa?"
"Ƙirarsu daban. Da ƙyar ya sami makama."

Daren nan ban taɓa allura ba.
Na kasa kunne a ƙirjinsa
kamar mai jiran masaƙa ta tashi.

Kwana uku, ya nemi romon kifi,
ya ce a ɗauke sauran, ya warke.
Na ƙi.
Akwai kekunan da ba su tsaya ba tukuna,
kuma wanda ya tsira shi ke koyon dabara.
Na tura masa kofin ruwa.