Azara Goma Sha Bakwai

Damina uku soron kakana Jaɓɓi a Wurno
yana yoyo ta kusurwar gabas.
Na zo daga birni da kuɗin kwano a aljihu,
na ce a kwashe ƙasar nan a huta.

Nomau magini bai tanka ba.
Ya bi azara ɗai-ɗai da ƙotar gatari
yana ƙwanƙwasawa, kunne a manne,
kamar mai zaɓen kankana.
"Wagga gara ta gama da ita.
Wagga ko, kai za ka riga ta."

Goma sha bakwai muka sauke.
Shida sun zube gari a hannunmu.
A jikin ɗaya an karta layi huɗu da wuƙa.
Inna Ige ta shafa da yatsa:
buhunan albasa ne, bashin da ya ci
shekarar da ya rufa ɗakin.

Giginya ta yi nisa yanzu.
Sati biyu kafin amalanke ya kawo shida,
baƙaƙe, masu sartse.

Yara suka taka ƙasa da ciyawa.
Nomau ya kwantar da sabuwa gefen tsohuwa,
zana a bisa, ƙasa bisa zana,
makuba, sannan indararo.

Daren ruwan fari na kwana ciki.
Rufin bai ce komai ba.
Sartsen tafina kawai ke zogi,
kuma Nomau yana bi na buhu biyu.
Na karta.