Kwabon da Ba Ya Sayen Komai

A ƙasan adakar Goggo Ladidi,
kwana bakwai bayan an kai ta,
na tsinci ƙarfe mai faɗin kwabo,
da huda a goshi, da kore-kore a baki.

Kawu Barau ya juya shi sau biyu a tafinsa.
"Hatimin kakanku ne," in ji shi.
"Mu jinin sarauta ne, zuwa Jos ya ɓoye mu."
Ranar har tafiyarsa ta sauya.

Na kai wa maƙeri a Dilimi.
Ya goga da tsamiya da toka,
sai garkuwa ta fito kamar fuskar mai wanka:
wata dabba tsaye da ƙafa biyu,
harshe waje, wutsiya a murɗe,
ta rungumi abin da na ɗauka takobi ne.
Ƙasanta layi uku masu lanƙwasa.
"Tagulla ce," ya ce. "Ba ta kai kuɗin mota ba."

A gidan tarihi wata mata, Kaneng,
ta ɗora madubin ƙara girma, ta yi shiru.
"Zaki ne, amma na wanda bai taɓa ganin zaki ba.
Layukan nan ruwa ne.
Wannan kuwa dubi bakinsa da kyau,
ina ka taɓa ganin takobi mai kai biyu?"
Diga ce.
Ta rubuta mini sunan wani tsoho a Bukuru.

Baba Dachung yana shan rana
a bakin tafkin da ba Allah ya haƙa ba.
Bai ko kalli zakin ba. Baya ya juya:
ɗari huɗu da goma sha bakwai.
Ya yi dariyar da ta ƙare da tari.
"Nawa na jefa shi cikin ruwan nan.
Da asuba a wuya kake rataya shi,
ka yini ɗaukar ƙasar kuza a ka,
da yamma akawu ya kira lamba, ba suna ba.
Zakin na kamfani ne, yaro.
Lambar ce taku."

A motar komawa ruwa ya tsuge,
ƙanƙara tana dukan gilashi.
Ina murza ƙarfen cikin aljihu
sai yatsana ya faɗa wani ɗan kwari
tsakanin huɗu da bakwai,
inda ɗayan ya kusa shafewa.
Wurin sumul, daidai faɗin babban yatsa.
Wani ya shekara da shekaru yana murza nan
yana jira a kira shi.

Na sa nawa. Ya zauna cif.

Kawu yana ƙofar gida, ya sa sabuwar hula.
"Me suka ce?"
Na ce sun ce a dawo ran Litinin.