Hanci na Biyu

Da sanyin safiyar Talata, a Farin Gada,
Kangyang ta ajiye min mota, ta ajiye min kwali.
Ta ce, Sabi'u, ɗana ne ya aiko,
wai hanci ne, a dasa shi a salansa.
Fetur ya cinye min albashi, ina son jin dalili.

Na ce ai motarki da hancinta ta zo duniya.
Ta ce wancan magana biyu ya iya:
ya yi yawa, ya yi kaɗan.
Wannan kuwa lamba yake faɗa.

To. Muka hau da ita kan rami.
Nanle ya riƙe min tocila, haƙoransa na kaɗawa.
Na bi bututun da tafin hannu
daga wuyan inji, taƙi uku,
kafin tukunyar da muke kira indomi.
Na sa alli,
ba a gindi ba, inda raɓa ke kwana,
can sama-sama, wajen ƙarfe goman agogo.
Na huda. Ƙarfe ya yi kuka, ya zubo gari.
Na ɗora noti, na kama shi da walda,
tartsatsi ya ci min hannun riga.

Tsohon hancin ban taɓa shi ba.
Ƙwaƙwalwar da kamfani ya dasa
muryarsa kaɗai ta sani;
kai mata baƙo ta kunna maka fitila,
ta yi ta fushi har ƙarshen tafiya.
Na bar ta da ɗan aikenta.
Sabon, shaida kawai ya zo bayarwa.

Jar waya ga wutar makulli, ta bayan fis.
Baƙa ga jikin inji,
sai da na kankare tsatsa wurin ya yi ƙyalli.
Kafin in ɗaure shi na riƙe shi a fili
ya shaƙi iskar Jos tsurarta,
ya san ɗanɗanon gaskiya
kafin a tura shi cikin hayaƙi.

Muka ɗauki hanyar Bukuru.
Ɗan agogo gefen sitiyari, jajayen lambobi.
Takarda ta ce sha huɗu da ɗigo bakwai.
Shi kuwa ya ce sha biyu.
Mun wuce Dadin Kowa, sha biyu.
Zaramaganda, sha biyu, ko gezau.
Kangyang ta ce, me yake cewa?
Na ce wai kunun ya yi kauri,
fetur ya fi ƙarfin iska.

A raina na kama nozul da laifi.
Na zargi gidan mai. Na zargi tudun nan namu
da iskarsa marar nauyi.
Sai idona ya faɗa kan allurar zafi:
tana kwance a ƙasa
kamar ko motsi ba mu yi ba.

Gumi ya karyo min cikin rigar sanyi.

Bara waccan ne. Wannan motar, wannan hannun.
Na zare mata tamosta,
na cilla a gwangwanin tsofaffin notuna,
na ce kayan ƙasar ƙanƙara ne, mu ina ruwanmu.
A Jos fa na faɗi haka,
bakina yana fitar da tururi.
Tun ranar inji bai ƙara jin ɗumi ba,
ƙwaƙwalwa na zaton har yanzu asuba ce,
tana ta ɗura masa kamar jaririn da ya ƙi ƙoshi.
Shekara biyu. Albashi ashirin da huɗu.

Na ce, Malama, juya mu koma.

Nanle ya kife gwangwanin a ƙasa.
Ga ta can ƙarƙashin wasoshi, ta yi kore,
sifirin ɗinta bai ko lanƙwashe ba.
Na ɗaga mata ita, na faɗi komai.
Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon abin,
ta buɗe jaka, ta ce, nawa ne kuɗin aiki?

Na ce rufe jakar tukuna.
Bari mu ji ya ce sha huɗu.