Rufa-ido a Argungu

Bayan isha'i, shagon Sahabi,
taswira a benci, ƙwayoyin wake ne dakarunmu.
Luba ta jefa ɗan lido:
"Na shimfiɗa gada bisa Matan Fada."

Sahabi ya kurɓi shayi. "Ta bayyana.
'Yan fashi sun gani, sun yarda."
Na farko ya taka,
ruwa ya yi masa maraba.
Na biyu ya miƙa sanda,
ta ratsa katako kamar hayaƙi.

"Wanda ya taɓa ya farka, Luba.
Sihirinki ido kaɗai yake ci,
ba ya ɗaukar ƙafa,
wutarsa ba ta gasa ko tarwaɗa."

Ta ja tsaki.

Ni kuwa, a hanyar gida,
sai da na dangwali gadar gaske
kafin na hau.