Koren Zare

Yayana Barau mai gyaran injin ban-ruwa ne,
bayan gidan mai na Hanwa yake da rumfa.
Shekara bakwai yana tara ƙarafuna,
wai jirgi zai ƙera, na hawa, ba na wasa ba.

Tun muna yara, in jirgin 'yan koyo ya taso
daga Palladan, sai ya saki tuwo ya fita,
baki buɗe, miya na bushewa a hannunsa,
har ƙarar ta nutse a bayan Kufena.

Ni tela ce. Kekena a zaure yake.
Nan ya fara jingine bututun alminiyam,
ya turo injin tsohuwar Bitil a baro,
ya sassaƙa farfela daga gungumen maɗaci,
yana ɗora ta bisa kaifin wuƙa kamar mai awon zinari:
in gefe ɗaya ya rinjaya, a koma kankarewa.
Tayoyin Besfa. Kujerar roba da aka yanke wa ƙafafu.
Da littafi mai baƙin bango, kowane noti da lambarsa,
ranar da aka ɗaure shi, da wanda ya ɗaure.

Wata Laraba ya dire min yadi talatin:
"Ladingo, na gama ƙashi. Saura fata."

Na yi ɗinkin amare, na yi na suna,
na ɗinka likkafani sau biyu ban karɓi ko sisi ba,
amma ban taɓa ɗinkin da zai riƙe ɗan'uwana
tsakanin sama da ƙasa ba.
Keke ba ya shiga nan. Allura ce da hannu,
kowane haƙarƙari a zagaye shi da zare,
ƙulli, yatsa uku, ƙulli,
har kaka ta wuce, babban yatsana ya yi kanta.

A fiffiken hagu farin zare ya ƙare.
Dare ne, kasuwar Sabon Gari ta tashi.
Na ƙarasa da kore, ragowar ɗinkin salla.
Ya bi da fenti. Ban ce masa komai ba.

Ranar fitarwa ƙofa ta ƙi.
Aka fasa katanga, maƙwabta na shewa:
"Kazar Barau ta saka ƙwan jimina!"
Gwajin farko, a wani fako gaba da Shika,
tsalle uku ya yi irin na kwaɗo, ya karya ƙafa.
A bayan a-kori-kura aka dawo da shi.
Wata biyar Yaya bai yi fushi ba, bai yi hira ba,
sai fulogi, sai kafireto, sai littafin nan,
sai tsohon injiniya, Malam Jatau,
da ke zuwa ya ƙwanƙwasa ko'ina yana kasa kunne.

Asabar ɗin da shamuwa ta dawo,
iska a kwance, ƙasa da ɗan danshi,
ya yi bisimilla, Jatau ya murza farfela.
Ya yi gudu, ya yi gudu, na ce yau ma kwaɗon ne,
sai na ga haske tsakanin taya da ciyawa.

Ya wuce kan ɗorawa. Ya wuce tsayin rimi.
Yara na ihu, mai awaki ya saki igiya.
Kowa jirgi yake kallo.
Ni taki ɗaya nake kallo a fiffiken hagu,
wurin da ba mai gani, ina ƙirga ƙulli.

Minti tara. Ya sauko da ɗan tangaɗi.
Ya cire hular kwano, hannunsa na rawa,
wai Kufena tukunya ce a kife,
Kubanni kuma zare ne da aka yar a tsakar gida.
Na wuce shi. Na shafa ƙarƙashin fiffike.
Ɗinkina na nan, bai ce uffan ba.

"Kujera ɗaya ce," in ji shi, "amma zan ƙara."
Na ce a'a, Yaya, bar ni da kekena.
Gobe dai ka kawo min littafin nan naka.
Akwai ƙulli goma sha ɗaya da ban faɗa maka ba,
a rubuta su,
da sunan wadda ta ɗaure.