Baƙon Cikin Yashi

A Mactan, a ɗakin bayan shagonmu,
ina da tankin gilashi, tsawonsa kamu huɗu.
'Yar teku ce, da hannuna na haɗa ta:
yashi, duwatsun murjani, kifi bakwai,
da injin iska mai gunaguni har asuba.

Ran Talata na tsinci makankari buɗe, wayam,
da huda guda a gefensa,
tsaf, sai ka ce aikin maƙerin zinariya.
Ran Juma'a ga wani.
Na zargi ƙaguwa.
Na zargi gishiri, har sau uku na auna shi.

Babana Eleuterio ya jawo kujera.
Shekara talatin ya yi yana nutso,
ruwa ya cinye masa kunne ɗaya.
Ya ɗaga ɓawon, ya leƙe ni ta hudar.
"Ƙaguwa fasawa take yi, Luzviminda.
Wannan mai haƙuri ne. Kashe fitila."

Muka zauna da jar tocila, sauro na cizo.
Can wajen ƙarfe biyu
wani dodon koɗi mai ƙaya-ƙaya ya gangaro daga dutse,
ya haye makankari, ya yi zamansa
kamar mai jiran kwalekwale.
"Kwana biyu zai yi a nan," in ji Baba,
"yana goga da harshe irin magagari.
Ki riƙa duba bakin katantanwa.
In zagaye ne sumul, makiyayin gansakuka ne,
bar shi ya share miki gilashi.
In da tsagi, da bututu na leƙowa yana shinshinar ruwa,
to, nama ya fito nema."

Sai yashi ya motsa ta can ƙurya.
Wani ya taso, siffar mazurari,
fari da ruwan ƙasa, zane kamar taswirar tsibirai.
Ban taɓa ganin kyau irinsa ba.
Hannuna ya riga hankalina shiga ruwa.

Baba ya damƙe wuyan hannuna.
Har yau ina jin zafin yatsunsa.

Da kyar ya yi magana.
"Anacleto, ƙanena, yana da sha tara.
Ya tsinci irinsa, ya soke a ƙugu
zai kai wa wata yarinya.
Ya ce mini wani abu ya ɗan tsikare shi.
Kafin mu kai gaɓa leɓɓansa sun mutu,
idonsa biyu, yana kallona,
numfashi ya ƙi zuwa.
Yana da zago, 'yata, siriri, cike da dafi,
kuma babu gefen da ba ya kaiwa."

Na ce bari in tafasa ruwa.
Ya girgiza kai.
"Shi ya zo gidanki?
Ke kika ɗauko dutsensa, yana barci a ciki."

Yanzu tankuna uku ne.
Mai ƙaya yana nasa,
ina sayo masa makankari a kasuwa ran Asabar.
Mai zane yana nasa, shi kaɗai:
yashi mai zurfin yatsa don ya binne kansa,
murfi da bulo a kai,
jan rubutu a gilashi saboda yaran maƙwabta,
dogon awartaki rataye a ƙusa.
Ina sauya ruwa, ina auna gishiri,
ina kwashe saura kafin ya ruɓe.
Sau ɗaya a mako nake sakar masa ƙaramin kifi,
in juya baya.

Baba ba ya juyawa.
Yakan zauna da jar tocila a cinya
har bututun ya ɓullo daga yashi.
Ba ya zaginsa, ba ya ce masa komai.
Jiya dai na ji ya ce, can ƙasa-ƙasa,
"Lallai da kyau. Da ni ma na ɗauka."