Lambar Lampo

Bayan an cire auduga, gonaki sun huta,
Hamasali ya zo daga Garwa da na'urarsa,
sanda mai faifai a baki kamar murfin tukunya,
ya ɗaure ta bayan babur da tsohuwar roba.
Ya ce, "Tanimu, kai ni kufanku.
An ce Jamus sun kwana can, Faransa kuwa sun daɗe."

Muka bar Pitowa hantsi bai yi ba,
dutsen Tingilin na binmu da kallo.

Kufan nan ba katanga ko ɗaya.
Tsamiya biyu, bakin rijiyar da ta cike,
dutsen niƙa kife a kan fuskarsa,
sai ƙaya ta yi sarauta inda zaure ya tsaya.
Ni ƙafata ta san wurin. Shi da kunne ya zo.

Ya dinga lilo da faifan bisa ƙasa
kamar mai shara a ɗakin majinyaci.
Ƙii! in ji na'ura. Muka tona: ƙusa.
Ƙii! Ruwan fartanya, tsatsa ta ci rabi.
Ƙii! Murfin gwangwani, ko yaro ba ya ɗauka.
Na ce, "Ka ƙona mai don ka tara wa maƙeri kaya."
Bai ce komai ba, ya share gumi ya ci gaba.

Azahar ta gota sai ga maɓalli,
na tagulla, da ƙugiyar jirgin ruwa a jikinsa,
a nan, inda ruwanmu bai wuce Binuwai ba.
Sai kwanson harsashi uku, sun yi kore shar.
Ya tofa musu yawu, ya goge da gefen riga,
bakinsa na lissafi: akwai wani a Duwala
mai aika irin waɗannan ƙetare cikin ambulan.

Gindin tsamiyar gabas,
inda kakata Tabawa ke zama da mazari,
na'ura ta kama kuka ta ƙi yin shiru.
Taƙi biyu a ƙasa, ƙarƙashin tsagin kasko,
ƙarafa biyu masu huji, manne da juna.
Ba kuɗi ba ne. Na gane su kafin a wanke.

Tabawa ta ba ni labarinsu ina ƙarami:
namijin da ya biya lampo, a rataya masa a wuya;
wanda aka tare a kasuwa wuyansa wayam,
igiya ce, sai fasa dutse a hanyar Marwa.
Kakana Nomau biyu yake karɓa,
tasa da ta ƙanensa Jatau
wanda zazzaɓi ya ɗauke da tsakiyar damina.
Littafin kumandan bai san mutuwa ba.
Shekara huɗu Jatau na kwance yana biyan haraji.
Akuya ta tafi, dawar iri ta bi ta,
har ranar da Nomau ya kwashe gidan ya yi gaba.

Na ce wa Hamasali, "Matsa da faifan nan gefe,
ko za ta ji tarin Nomau, ko lugude, ko kukan akuyar."
Ya yi dariya. "Ƙarfe kaɗai take ji."
To, ƙarfe kuwa na baƙi ne.
Namu kara ne da laka da ƙwarya,
gara ta gama da su tun ba a haife ni ba.

Ya ce jaka biyar kowace, kuɗi hannu.
Taki ya yi tsada bana, ga kuɗin makarantar Asabe.
Na juya su a tafi, na sake juyawa:
shekara ɗaya, huji ɗaya, nauyi ɗaya.
Na miƙa masa guda, na jefa guda aljihu.

Tana nan cikin gwangwani tare da katin zaɓena.
Wani dare nakan fito da ita in auna a wuya.
Har yau ban san ta wa na sayar ba,
ta mai ran ko ta mamacin.